Immaculate, Spotless, Pristine, Impeccable ko Flawless: Wacce Ta Dace da Rubutunka?

Duk mai rubutu da Turanci, ko ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, ko shugaban ofis da aka nemi ya rubuta takardar shaida a kan wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ko ɗan kasuwar da ke tallar mota a intanet, yakan zo gaɓar da kalmar *clean* ta yi masa kaɗan. Abin da yake son faɗa shi ne cewa abu ya fita fes, babu tabo, babu makusa. Idan ya buɗe ƙamus sai ya tarar da kalmomi biyar a jere, wato *immaculate*, *spotless*, *pristine*, *impeccable* da *flawless*, kowacce an fassara ta da 'yar'uwarta, har mutum ya zaci duk wadda ya ɗauka ta yi. Ba haka abin yake ba. Kowacce daga cikinsu tana kore wani irin aibi na daban, kuma wanda ya ɗauki wadda ba ta dace ba yakan yi iƙirarin abin da bai yi niyya ba.

Ma'aunin da za a bi

Abu na farko, kuma mafi girma, shi ne a san wane irin aibi ake cewa babu. Aibi kala huɗu ne a nan: datti da ake iya wankewa, lalacewar da amfani ko daɗewa ke jawowa, nakasar da ke cikin ƙirar abu tun asali, da kuma kuskure a hali ko a aiki. Na biyu shi ne tsada. Kalma ba a sayenta da kuɗi, amma tana cin wuri a allon shago ko a kan talla, kuma tana cin hankalin mai karatu, domin doguwar kalma mai asali daga Latin takan sa wanda Turancinsa bai yi zurfi ba ya tsaya yana lalube. Na uku shi ne ƙarko, wato ko kalmar tana riƙe da nauyinta a wurare da yawa, ko kuwa 'yan talla sun riga sun cinye ta har ta zama ba ta cewa komai. Na huɗu shi ne sauƙin rubutawa da furtawa, musamman ga wanda ya tashi da Hausa a baki. Na biyar shi ne haɗari: yiwuwar a yi wa mutum mummunar fahimta, ko a kama shi da alkawarin da kalmar ta ɗauka a madadinsa.

Immaculate

Wannan ita ce ta fi jan hankalin marubuta, kuma ita ce aka fi yin kuskure a kanta, shi ya sa ta cancanci dogon bayani. Asalinta daga Latin ne, inda *macula* ke nufin tabo ko ɗigo, aka sa mata ɗafa-goshi mai kore abu, sai ta zama "marar tabo". Ta shigo Turanci a ƙarni na 15, kuma a farkon zuwanta an fi amfani da ita a kan tsarkin zuciya da kuɓuta daga zunubi kafin ta sauko zuwa tufafi da ɗakuna. Tushen nata yana nan da rai a wasu fannoni. Likitocin ido suna kiran ɗan wurin da ke tsakiyar bangon ido na ciki, wanda da shi ake ganin abu dalla-dalla, da sunan *macula*, kuma masana tsuntsaye da ƙwari idan suka ce ƙwai ko fiffike *immaculate* ne, suna nufin launinsa ɗaya ne babu ɗigo-ɗigo, ba wai an wanke shi ba.

A Turancin yau kalmar tana haɗa abu biyu, tsafta da tsari, kuma tana nuna cewa akwai hannun da ya kula. Ɗauki dattijon da ya fito masallacin Juma'a da farar shadda da ta sha bugu, karin guga a tsaye a kan hannun riga, hula ta zauna daidai, takalmi babu ƙura duk da iskar hunturu. Baturen da ya gan shi zai ce *immaculately dressed*, domin abin da ya burge shi ya wuce rashin datti, ya haɗa da yadda komai ya zauna a muhallinsa. Haka ake cewa *an immaculate office*, *an immaculate lawn*, *immaculate handwriting*. Saboda wannan ma'anar ta kulawa, ba a cika amfani da ita a kan abin da hannun mutum bai taɓa ba. Ba a cewa daji ko kogi *immaculate* ne, sai dai a waƙa.

Ta fuskar tsada, tana cikin masu tsada: haruffa 10, gaɓoɓi 4, kuma a allon mai wanki da guga da ke bakin titi za ta wuce kan yawancin masu wucewa. Ta fuskar ƙarko kuwa tana da kyau a rubutun ofis da na adabi, amma a tallan motoci da gidaje ta fara gajiya, domin *immaculate condition* ya zama abin da kowane dillali ke liƙa wa kowace mota. Wajen furuci tana da wata falala da sauran huɗun ba su da ita: babu harafin *p* ko *f* a cikinta, su ne kuwa sautukan da suka fi wahalar da bakin Bahaushe a Turanci. Inda ake tuntuɓe shi ne ƙarshenta. Ana ɗora nauyin murya a gaɓa ta biyu, a furta ƙarshen a gajarce, kusan "imakyulat", ba "imakyulet" mai jan ƙarshe ba. A rubutu kuma harafin *m* biyu ne, *c* ɗaya.

Haɗarinta iri uku ne, kuma dukkansu na gaske ne. Na farko, tana kama da *emasculate*, wadda ke nufin dandaƙa ko raba namiji da mazakutarsa, kuma manhajar gyara rubutu ba za ta ja kunnen kowa ba idan ya sa ɗaya a gurbin ɗaya, tunda dukkansu kalmomi ne na ƙamus. Na biyu ya shafi addini. Idan aka rubuta *Immaculate Conception* da manyan haruffa, sunan wata aƙida ce ta cocin Katolika, wadda Paparoma Pius na 9 ya ayyana a ranar 8 ga Disamba, 1854, cewa an ɗauki cikin Maryamu, mahaifiyar Annabi Isa, ba tare da tabon zunubin asali ba. Maganar a kan ɗaukar cikin ita Maryamu ce a cikin mahaifiyarta. Mutane da yawa, har da Turawan kansu, suna zaton tana nufin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba tare da uba ba, alhali wannan a Turanci *virgin birth* ake ce masa. Mai fassara wa'azi ko darasi daga Hausa zuwa Turanci da ya haɗa biyun ya jingina wa malaminsa aƙidar da bai faɗa ba, wadda hatta majami'un Furotesta ba su riƙe ta ba. Daga wannan aƙidar ne sunaye irin su Immaculata suka fito, da makarantu irin su College of the Immaculate Conception da ke Enugu. Haɗari na uku na ciniki ne. Wanda ya rubuta cewa motarsa *immaculate* ce ya yi alkawarin cewa babu ƙuja a jiki, babu yagewa a kujera, babu tabo a rufi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta siffanta kaya ta hanyar da za ta yaudari mai saye, kuma ko ba a je ga hukuma ba, mai sayen da ya zo ya ga an yi wa murfin gaba feshi ya riga ya daina yarda da sauran maganar.

Spotless

Ma'anarta ta asali ɗaya ce da ta *immaculate*, sai dai ita an gina ta da kayan gida: *spot* tabo, *less* babu. Tana cikin Turanci tun ƙarni na 14. Aibin da take korewa datti ne, kuma a nan ta tsaya. Ɗakin girki yana iya zama *spotless* alhali tukwane ba su jeru ba, domin ba ta yi alkawarin tsari ba. Ita ce mafi arha a cikinsu, haruffa 8 da gaɓoɓi 2, kuma ɗan aji uku na sakandare zai gane ta ko bai taɓa cin karo da ita ba. Tana da ƙarko ƙwarai, domin magana ce ta yau da kullum da ba ta tashe balle ta wuce yayi. Tana kuma shiga maganar mutunci a wurare kaɗan da aka saba, kamar *a spotless reputation* da *a spotless record*. Wahalarta kawai a baki take, inda *s* da *p* suka haɗu a farko. Haɗarinta kaɗan ne, in ban da cewa a doguwar takardar yabo ta hukuma takan yi sauƙi fiye da yadda wurin yake buƙata.

Pristine

A nan ne ƙamus ya fi ɓatar da mutane. Tushenta na Latin, *pristinus*, yana nufin na da, na farko, na asali, kuma da wannan ma'anar ta shigo Turanci a ƙarni na 16. Ba ta da alaƙa da wanki tun fil azal. Abin da take cewa shi ne abu yana nan yadda yake tun farko, amfani bai taɓa shi ba, zamani bai ci shi ba. Shi ya sa ake cewa *pristine forest* ga dajin da gatari bai shiga ba, ko da ƙasansa cike yake da ruɓaɓɓen ganye da laka. Ma'anar "sabo fil" ta yaɗu ne a ƙarni na 20, kuma an daɗe ana samun masu tsananta ƙa'ida suna ƙin ta, ko da yake yanzu manyan ƙamusoshi sun karɓe ta.

Bambancinta da *immaculate* yana fitowa sarai a kasuwar waya da ta mota. Wayar da aka yi shekara biyu ana riƙe da ita cikin riga, ana goge ta kullum, tana iya zama *immaculate*. Wadda ke cikin kwalinta, ledar fuska ba a ɓare ba, ita ce *pristine*. Ta farko kulawa ta samu, ta biyu kuwa ba a taɓa ta ba. Saboda haka alkawarin *pristine* ya fi tsauri a ciniki, kuma ba ta dace da motar da ta sha titin Turai kafin a sauke ta a Kwatano ba, komai kyanta. Tsadarta matsakaiciya ce, haruffa 8, amma ba a iya cankar ma'anarta daga siffarta kamar yadda ake yi da *spotless*. Furucinta ya rabu: a Ingila an fi ɗora nauyi a gaɓar farko, a Amurka ana yawan jin sa a ta biyu, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne. Ba a cika amfani da ita a kan halin mutum ba. Cewa ma'aikaci *pristine* ne kuskure ne da kunnen Bature zai ji nan take.

Impeccable

Ita ma daga Latin take, daga *peccare*, wato yin zunubi, kuma lokacin da ta shigo Turanci a ƙarni na 16 ma'anarta "wanda ba ya iya yin zunubi" ce. Wannan tsohuwar ma'anar tana da amfani ga ɗaliban addini, domin Turawan da ke rubutu a kan ilimin tauhidi sukan fassara isma ta annabawa, wato kasancewarsu ma'asumai, da *impeccability* ko *infallibility*. Wanda ke neman kalmar da zai siffanta ma'asumi da ita a Turanci, nan ya kamata ya duba.

A rubutun yau da kullum ta sauko ta zama kalmar hali da ƙwarewa. Ana cewa *impeccable manners* ga mai ladabi, *impeccable credentials* ga wanda takardunsa ba su da abin zargi, *impeccable taste* ga mai iya zaɓe, *impeccable English* ga wanda ba a kama shi da kuskure a harshe. Aibin da take korewa shi ne kuskure a gaban mizani, kamar an sa alƙali ya duba bai sami abin cewa ba. Tana haɗuwa da *immaculate* a wuri ɗaya, wato sutura, inda duka biyun suke shiga, sai dai *impeccably dressed* ta fi karkata ga dacewar kayan da wurin da aka je, *immaculately dressed* kuma ga tsaftarsu da gyaransu. Ba a cika cewa banɗaki ko tsakar gida *impeccable* ne ba idan wanki ake nufi.

A ganina ita ce mafi ƙarko a cikin biyar ɗin, domin 'yan talla ba su cika damun ta ba, kuma a takardar shaida har yanzu tana da nauyinta cikakke. Tsadarta daidai take da ta *immaculate*, haruffa 10 da gaɓoɓi 4, kuma *c* biyu ne a rubutu. Haɗarinta a wurinmu na musamman ne. Kunnuwan 'yan Najeriya sun saba da *impeach* saboda labaran tsige gwamnoni da shugabannin majalisa, don haka akan sami mai rubuta *impeachable character* yana nufin yabo, alhali ya ce mutumin ya cancanci a tuhume shi. Wanda ya fi son wancan tushen sai ya rubuta *unimpeachable*, ita ce ke nufin wanda ba a iya tuhuma.

Flawless

*Flaw* shi ne nakasa a jikin abu, kamar tsaga a tangaran ko zaren da ya kuɓuce a saƙa, kuma *flawless* tana cikin Turanci tun ƙarni na 17. Wurin da ta fi tsayawa da ƙafarta shi ne kasuwar lu'ulu'u. A ma'auni mai matakai 11 na GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, wannan kalmar ita ce matakin ƙoli, kuma ba a ba dutse shi sai ƙwararre ya duba shi da madubin da ke ninka girma sau 10 bai ga komai ba, ciki da waje. Daga nan ta yaɗu zuwa duk wani aiki da aka yi shi daga farko har ƙarshe babu tangarɗa, kamar jawabi, ko wasa, ko tiyata. Abu yana iya zama *flawless* alhali yana da ƙura, domin ƙura ba nakasa ba ce. Tana da arha, haruffa 8, kuma ma'anarta a fili take ga wanda ya san *flaw*. Rauninta a ƙarko yake, domin masu tallan man shafawa da hoda sun yi ta nanata *flawless skin* har kalmar ta fara ɗaukar ƙamshin talla, kuma a kan fatar mutum tana iya tuno wa mai karatu mayukan sauya launin fata. A baki kuma, idan *f* ta faɗi ko ta raunana, mai sauraro yana iya jin *lawless*, wato marar bin doka.

| Kalma | Aibin da take korewa | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Immaculate | Datti da rashin tsari | Haruffa 10, gaɓa 4 | Mai kyau, amma ta gaji a talla | Babu p ko f, ƙarshenta ke ruɗarwa | Ma'anar addini, kama da emasculate |
| Spotless | Datti kawai | Haruffa 8, gaɓa 2 | Mai kyau ƙwarai | Mafi sauƙin ganewa | Kaɗan ne |
| Pristine | Lalacewar amfani ko daɗewa | Haruffa 8, gaɓa 2 | Mai kyau | Furuci iri biyu | Alkawarin cewa ba a taɓa abin ba |
| Impeccable | Kuskure a hali ko ƙwarewa | Haruffa 10, gaɓa 4 | Mafi ƙarko | Harafin c biyu | Kama da impeachable |
| Flawless | Nakasa a ƙira ko a aiki | Haruffa 8, gaɓa 2 | Talla ta rage mata nauyi | Mai sauƙi | Kama da lawless a kunne |

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta haɗa su duka. Kowacce ta riga ta kai ƙarshen ma'ana, don haka ba su cika karɓar *very* ko *more* ba. Wanda ya rubuta *very immaculate* ya nuna cewa akwai mataki a cikin rashin tabo, alhali tabo ko dai yana nan ko babu. Idan ana son ƙarfafawa, *absolutely* ake sawa.

Akwai kuma wurin da babu ko ɗaya daga cikinsu da za ta shiga, wato tsarki na ibada. Hausa ta raba tsafta da tsarki tun da daɗewa: riga tana iya fita fes daga wurin mai wanki amma ɗigon najasa ya hana salla da ita, kuma ruwan gulbi mai launin ƙasa yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa. Kalmomin nan biyar duk a ɓangaren abin da ido ko mizanin mutane ke gani suke a Turancin yau. Mai fassara babin tsarki a littafin fikihu abin da yake buƙata shi ne *pure* ko *ritually pure*, da *purification* ga aikin tsarkakewa, ko da yake a Najeriya ruwan leda ya sa *pure* ta zama kalmar bakin titi.

Wacce ga wa

Mai wanki da guga, da mai gidan abinci, da kamfanin share-share, waɗanda ke son kowa ya gane allonsu daga cikin Keke Napep, *spotless* ce tasu, domin ta faɗi abin da suke sayarwa kuma ba ta ɗauki alkawarin da ya wuce shi ba. Mai sayar da kayan da aka yi amfani da su, idan ya tabbata an riƙe su da kyau kuma zai iya tsayawa a duba kowane lungu a gabansa, yana da damar rubuta *immaculate*. Idan akwai ko ƙuja ɗaya, ya fi masa alheri ya rubuta *very good condition* ya ambaci ƙujar da bakinsa. *Pristine* ta mai kaya a leda ce, da kuma ɗalibin labarin ƙasa da ke siffanta daji ko gaɓar teku da mutane ba su ɓata ba.

Shugaban da ke rubuta wa ma'aikacinsa takardar shaida ya ɗauki *impeccable* ga halinsa da amanarsa, *spotless* ko *unblemished* ga tarihin aikinsa idan ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba, ya kuma bar *pristine* gaba ɗaya. Mai sharhin wasanni ko na gasar karatu, da injiniyan da ke ba da rahoton gwajin inji, *flawless* ta fi dacewa da su. Ɗalibin da ke rubuta insha'i a jarrabawa kuwa, idan yana siffanta shigar ango ko ofishin da komai ya zauna a wurinsa, *immaculate* za ta yi masa aiki fiye da sauran, muddin ya tuna da *m* biyu, kuma ya yi amfani da ita sau ɗaya a shafi. Mai fassara rubutun addini shi ne ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan: ya ajiye *Immaculate Conception* ga aƙidar Katolika kaɗai, ya rubuta *virgin birth* idan haihuwar Annabi Isa yake nufi, ya kuma nemi *impeccability* ko *infallibility* idan malamin yana magana a kan isma.